GIDAN MAKAMA NA KANO: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu, su san abin da ake nufi da gidan ajiyar kayan tarihi, su kuma san rabonsu a cikin aikin. An ɗauki Gidan Makama na Kano ya zama abin misali, gama yana cikin gidajen da suka fi tsufa a ƙasar Hausa, kuma a cikinsa ne aka tara kayan da ke ba da labarin Kano tun daga zamanin mutanen Dala har zuwan Turawa.

Da yawa cikin mutane suna tsammani gidan tarihi wuri ne da Gwamnati ta gina domin baƙi masu yawon buɗe ido, ko kuwa rumbu ne na zuba tarkacen da ba su da sauran amfani. Ba haka ba ne. Yadda alkali ba ya yanke shari'a sai da shaida, haka nan labarin ƙasa ba ya tsayawa sai da abin da za a nuna a ce ga shi. Labarin baka yakan ƙaru, yakan ragu, gwargwadon mai faɗa da wanda ake faɗa wa. Amma ƙyauren ƙofar gari, da sulke, da wasiƙar da ke ɗauke da hatimin sarki, yadda aka bar su haka za a same su, muddin an tsare su daga ruwa da gara da ɓarawo.

ASALIN GIDAN

Gidan Makama yana cikin birnin Kano, daura da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki. Labarin da Kanawa suka gada shi ne, an gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun yana ɗan sarki, yana riƙe da sarautar Makama, kuma a nan ya zauna har aka ƙare masa ginin sabon gidan da har yanzu ake kira Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suka ci gaba da zama bayansa. Watau ke nan Gidan Makama ya girmi fadar kanta.

Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, bisa lissafin da aka fitar daga littafin Tarihin Kano. Wannan littafi da Larabci aka rubuta shi. H. R. Palmer ya juya shi da Ingilishi a 1908, daga baya kuma aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A cikinsa an lissafa abubuwa goma sha biyu da Rumfa ya fara a Kano. Shi ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano. Shi ya fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage. A zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla a Kano ya ga ragowar aikin Rumfa da idonsa, ko ya sani ko bai sani ba. To, a wannan gida ne mutumin ya kwana ya tashi kafin ya hau gadon sarauta.

Da Rumfa ya ƙaura, sai gidan ya zauna a hannun masu sarautar Makama, sunan ya bi shi. Bayan jihadi sarautar ta koma gidan Joɓawa, zuriyar Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin malaman da suka jagoranci jihadi a ƙasar Kano. Makama yana cikin masu zaɓen sarki, shi da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Da aka yanka gundumomi a zamanin Turawa, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a ƙasarsa, Makama ya daɗe yana hakimcin Wudil. Saboda haka gidan da ake magana a kansa gidan hakimi ne, irin wanda masu karanta wannan takarda suka sani ciki da waje.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Turawan Ingila, a ƙarƙashin Kanar Morland, ta shiga Kano ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarki Aliyu Babba ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Turawa suka yi ofis a Gidan Makama na ɗan lokaci, kafin su koma bayan gari. Daga baya aka raba gidan uku: kashi ɗaya ya zauna gidan Makama yadda yake, kashi ɗaya aka yi makarantar yara, na ukun kuwa aka ba Ma'aikatar Kayan Tarihi. A 1959 Gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta tsare, watau ba mai ikon rushe shi ko sāke masa kama sai da izini. Yanzu yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

GININ KANSA

Baƙo yakan yi hanzarin wuce zaure domin ya kai ga takubba da bindigogi. Wannan kuskure ne. Babu wani abu da aka ajiye a cikin gidan da ya kai gidan kansa daraja, kuma babu wanda ya kai shi wuyar riƙo.

Ginin ƙasa ne, irin na magina Hausawa. Akan haƙo ƙasa mai kyau, a cuɗa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta ruɓa kwanaki, sa'an nan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a shanya a rana. Magini yana zaune bisa bango, yaransa suna jefa masa tubali ɗaya ɗaya daga ƙasa yana cafewa, yana jerawa a tsaye, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bango yakan yi kauri ƙwarai, yana hawa yana sirancewa, don haka ne yake ɗaukar nauyin kansa. Wannan kauri kuma shi ke sa ɗakin ya yi sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu, abin da bulo da kwano ba su iya ba.

Inda gwanintar take shi ne rufi. Itacen da ake rufi da shi azara ce, watau tsagin giginya, domin tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika damunta ba. Amma azara tana da iyaka. In aka shimfiɗa ta a kan sararin da ya wuce kamar ƙafa shida, aka ɗora mata ƙasa, sai ta lanƙwashe. Da a ce magina sun tsaya nan, da duk ɗakunan ƙasar Hausa sun zama 'yan tsukakku kamar rumbu. Sai suka sami dabara. Sukan kafa azara cikin bango ta leƙo waje kaɗan, su ɗaure wata a kanta ta daɗa leƙowa, su ɗaure wata kuma, daga wannan bango da wancan, har su gamu a tsakiya. In aka lulluɓe su da ƙasa sai su zama baka, wanda ake kira bakan gizo. In bakuna suka gicciye juna, suka raba rufin gida gida, aka jera gajerun azara a cikin kowane gida, shi ne ɗaurin guga. Da wannan dabara ake samun soro mai faɗi wanda hakimi zai zauna da jama'arsa ba al'amudi a tsakiya. Wanda ya shiga sorayen Gidan Makama ya ɗaga kai zai ga yadda aka jera azarar, wata a miƙe, wata a karkace, har jerin kansa ya zama ado. Irin wannan ilmi ne ya kai ƙarshen kyau a hannun Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Abokin gābar ginin ƙasa ruwa ne. Saboda haka akan yi wa rufi da bango abin da zai kore shi. Akwai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara. A duba nan a ga yadda sana'o'in birni suka riƙe juna: abin da marini ya zubar da abin da majemi ya yar, su ne magini yake nema. Sa'an nan ga indararo, wanda ke fitar da ruwan rufi ya zubar da shi nesa da gindin bango, ga kuma zanko a kusurwoyi. Indararo guda in ya toshe da ciyawa ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a rufi dare ɗaya, ya isa ya jiƙa azara, soron da ya shekara ɗari yana tsaye ya zube kafin kaka.

A nan akwai wata magana da ya kamata a fahimta, domin masu gardama sukan tā da ita. Sukan ce, yaya za a ce gida ya shekara fiye da 500 alhali kowa ya san ƙasa ba ta kai haka? Gaskiya ne, ba kowane tubali da ke bangon ne aka ɗora a zamanin Rumfa ba. An yi yaɓe, an sāke rufi, an tā da abin da ya faɗi, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Amma haka ginin ƙasa yake rayuwa. Abin da ya daɗe shi ne wurin, da tsarin zaure da soro da tsakar gida, da ilmin da magini ya karɓa daga ubansa ya miƙa wa ɗansa. Gidan dutse ana iya rufe shi a tafi shekara hamsin a dawo a same shi. Gidan ƙasa kuwa tsayuwarsa shaida ce cewa ba a taɓa samun wani tsawon zamani da aka rasa mai kula da shi ba. Ranar da aka rasa magina masu sanin ɗaurin guga, ranar gidan ya fara mutuwa, ko da kuɗin gyara suna nan a ajiye.

Wannan ne ya sa gyaran irin waɗannan gidaje da siminti ɓarna ce, ko da an yi da kyakkyawar niyya. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya yi ta cin bangon daga ciki, waje kuwa sumul, har ranar da ɓawon zai ɓamɓaro gaba ɗaya da rabin bangon a jikinsa.

ABIN DA KE CIKI

An raba wurin nuni ɗaki goma sha ɗaya, ana bi daga wannan zuwa wancan kamar yadda zamani ya bi zamani. A bakin ƙofa akwai igwa biyu na zamanin Turawa, da waɗansu manyan tukwane da aka tono a wajen Ƙofar Kabuga. Zaure na fari na kayan gini ne, waɗanda aka riga aka yi bayaninsu.

Daga nan sai labarin ganuwa, da taswirar birni da tsofaffin ƙyamaren ƙofofi. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya daɗa faɗaɗa ta a ƙarni na 17. Sa'ad da Turawa suka zo, kewayenta ya kai kamar mil 11, a waɗansu wurare tsayinta ƙafa 30 ne zuwa 50, ga kuma gwalalo a bayanta. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai da duwatsun Dala da Gwauron Dutse, domin in an yi wa gari zobe mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu a sami abin ci. Ita ma an sa ta cikin abubuwan da doka ta tsare, a 2007 kuma aka rubuta ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema a lissafa su cikin kayan gadon duniya. Duk da haka yawancinta ya tafi. Ruwa ya ci wani wuri, masu ɗiban ƙasa sun ci wani, masu gini sun hau sauran. Ba igwa ce ta rushe ganuwar Kano ba, jaki da mangala ne, da kaɗan da kaɗan, a gaban idon kowa. Yaron da aka haifa yanzu a Kabuga ko Gadon Ƙaya, in yana son ya san yadda ƙyauren ƙofar unguwarsu yake, sai ya zo Gidan Makama.

Ɗakunan da ke biye suna ba da labarin sarauta. An fara daga mutanen Dala da Barbushe da Tsumburbura. Masu binciken ƙasa sun sami alamar narkar da tama a gindin Dala wadda ta kai wajen ƙarni na 7, watau tun kafin Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga 999. Sai zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, da Kanajeji wanda aka ce shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke, har zuwa Alwali, na ƙarshen sarakunan Haɓe. Sai jihadi, da Sarki Sulaimanu, da Ibrahim Dabo wanda ya hau a 1819, wanda zuriyarsa ke sarautar Kano har yanzu. Ba a ɓoye yaƙin basasa na Tukurawa da Yusufawa ba, wanda ya tashi a 1893 bayan rasuwar Sarki Bello, ko da yake labari ne mai ɗaci, kuma akwai gidajen sarauta da har gobe suna tuna ɓangaren da kakanninsu suka bi. Haka ya kamata. Gidan tarihin da ya zaɓi abin daɗi kaɗai ya nuna ya zama maroƙi.

Sauran ɗakunan na sana'a ne da kasuwanci da kiɗa: saƙa, rini, jima, dukanci, ƙira, da kayan noma. Baturen nan Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai gyaɗa ta karɓe kasuwa, aka yi ta tara dalarta a bakin tasha. Dalar gyaɗa ta riga ta wuce, sai a hoto. A ƙarshe akwai ɗakin amarya, da gado da jeren ƙwarya da tasoshi, yadda ake yi kafin zuwan kwanon sha da kabad. Mata tsofaffi sukan daɗe a wannan ɗaki fiye da kowane.

Ba Kano kaɗai ta bi wannan hanya ta mai da tsohon gida wurin ajiyar tarihi ba. A Argungu tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce aka mayar Gidan Tarihi na Kanta a 1958. A Katsina tsohon ginin Kwalejin Katsina ne, wadda aka buɗe a 1922. A Kano ma akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya fara makarantar boko a 1909.

DOKA

Aikin tsare kayan tarihi a Nijeriya ya fara ne daga hasara. A 1928 masu haƙar kuza a Nok, kudancin ƙasar Zazzau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 aka sami wani a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi, har labari ya kai ga Bernard Fagg. Da aka bincika sai aka tarar irin waɗannan kawuna sun shekara fiye da 2,000. Ba wanda zai iya ƙidaya nawa aka farfasa da diga kafin a gane. A wannan shekara ta 1943 aka naɗa Kenneth Murray ya zama mai duba kayan tarihi, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka yi dokar kayan tarihi a 1953, aka buɗe na Ikko a 1957. Dokar 1979 ita ta maye gurbin ta 1953.

Abin da dokar ta kira kayan tarihi ya haɗa da duk abin da aka tono daga ƙasa na mutanen dā, da aikin hannu na 'yan ƙasa wanda aka yi kafin 1918, da abin da aka yi amfani da shi a wata al'ada ta gargajiya in yana da daraja ta tarihi, har da rubuce-rubucen hannu. Ba a fita da irin waɗannan daga Nijeriya sai da takardar izinin Hukuma. Ba mai sayensu sai wanda Hukuma ta amince masa, ba a kuma sayar wa kowa sai shi. Ba a haƙa kufai ko tsohuwar makabarta don neman kayan dā sai da izini. Dokar ba ta ƙwace wa kowa gadonsa ba. Takobin kakan mutum nasa ne, ya ajiye a ɗakinsa. Abin da aka hana shi ne ya miƙa wa dillalin da zai tsallake iyaka da shi.

RABON HAKIMI DA MALAMINSA

Ma'aikatan Hukuma kaɗan ne, kuma a birane suke. Kayan kuwa suna ƙauye. Manomi ne yake karo da tukunya a kufai sa'ad da yake huɗa. Mai haƙar rijiya ne yake fito da baƙin ƙarfen da bai san kansa ba. Magada ne suke buɗe adakar marigayi su tarar da takardu. Cikin waɗannan duka ba wanda zai tafi Kano ko Kaduna ya ba da labari. Mai unguwa zai gaya wa, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kawo gaban hakimi. In maganar ta mutu a zauren hakimi, ta mutu ke nan. Dillalan kayan dā sun san wannan sarai, shi ya sa sukan bi ƙauyuka a ranar kasuwa, su sayi sulke ko tsohon Alƙur'ani a kuɗin da bai kai na tunkiya ba.

In aka kawo labarin an tono wani abu, abu na fari shi ne hakimi ya hana a ci gaba da haƙa, ya sa dagaci ya tsare wurin, sa'an nan ya aika wa Majalisar Sarki da ofishin Hukuma mafi kusa. Kada a wanke abin, kada a kankare tsatsarsa don a ga ko zinariya ce, kada kuma a zubar da ƙasa ko gawayin da ke cikin tukunya. Da wannan gawayi ne masana ke auna shekarun abu. Tukunyar da aka ciro aka wanke tas aka kawo a buhu, an zubar da rabin labarinta a hanya.

Aikin malamin hakimi a nan ya fi na kowa, gama shi ke da alƙalami. Ya rubuta ranar da aka sami abin, da sunan ƙauyen da na gonar, da zurfin ramin, da abin da ke kusa da shi. In kayan gado ne, ya rubuta sunan abin yadda masu shi ke kiransa, da wanda ya fara mallakarsa, da hannuwan da ya bi, da yaƙin ko bikin da aka fita da shi. Ya tambayi tsofaffi tun suna nan, ya rubuta yadda suka faɗa, kada ya gyara musu don labarin ya yi daɗi. In biyu sun saɓa, ya rubuta duka biyun da sunan kowa. Mashi ba labari ƙarfe ne kawai, akwai irinsa ɗari a kowace maƙera. Mashin da aka san wanda ya riƙe shi a basasar 1893 kuwa ya zama shaida. Hakiman farkon zamanin Turawa an sa malamansu sun rubuta tarihin garuruwa da jerin dagatai a littafin gunduma, kuma waɗanda suka tsira daga cikin littattafan nan, a gidan ajiyar takardun Gwamnati na Kaduna, yau su ne masu bincike ke komawa gare su, har ma da masu shari'ar iyaka da ta gadon sarauta. Malamin da ya rubuta su bai san zai yi wannan amfani ba.

Takardu suna bukatar kulawa ta dabam. Littattafan malaman dā ba a ɗinke suke ba, warƙa warƙa ne a cikin tadarishi, a sa a gafaka. A ƙasan kowace warƙa marubuci yakan sa kalmar da za ta fara ta gaba, da ita ake gane jerinsu. Saboda haka kada a raba littafi tsakanin magada kamar yadda ake raba hatsi, wannan ya ɗauki rabi wancan rabi, gama kowane rabi ya zama banza. Gara a bar shi hannun mutum ɗaya a biya sauran. Kada a liƙe yagaggen wuri da gam ko salatif, domin yakan ci tawada ya bar tabo. A ɗaga takardu daga ƙasa, a nisanta su daga bangon da ke tsattsafo, a riƙa buɗe su ana dubawa, musamman da damina. In aka ɗaga warƙa ga hasken rana aka ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, wannan irin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta hamada, alama ce littafin ya tsufa. Wasiƙun sarakuna masu hatimi, da takardun filaye, da rasit na haraji da na jangali na zamanin En'e, duk suna cikin abin da ake nema, ko da a ido ba su da kyan gani.

Wanda ya ga ba zai iya tsare abin da ke hannunsa ba yana iya kai shi gidan tarihi kyauta, ko ya nemi a karɓa a matsayin ajiya da sunan gidansu. Kowace hanya ya bi, malamin hakimi ya tabbata an ba da takardar shaidar karɓa, mai ɗauke da bayanin abin da sa hannun ma'aikacin da ya karɓa, a ajiye kwafinta a ofishin hakimi. Wanda kuma ba ya son rabuwa da takardunsa, ana iya ɗaukar hotonsu a bar masa asalin, kamar yadda Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da jami'o'i suke yi.

Sauran magana ita ce ta gine-ginen da ke cikin gundumomi. Kusan kowane tsohon gari yana da guntun ganuwa, ko tsohon masallaci, ko zauren gidan sarauta mai ɗaurin guga. Ba duka ne doka ta rubuta sunansu ba, mafi yawa ba mai tsaronsu sai hakimi. In za a faɗaɗa masallaci ko a sabunta gidan hakimi, ana iya yin sabon gini a gefe a bar tsohon zauren yana tsaye, kamar yadda aka raba Gidan Makama kowane kashi da aikinsa. Kafin ruwan fari a sa Sarkin Magina ya hau rufi ya duba tsaga, a share indararo, a cire tsiron da ya fito a kan bango tun saiwarsa ba ta shiga ba, a cike gindin bango inda ruwan bara ya zaizaye. Bayan kaka, sa'ad da ƙasa ta bushe kuma hannun manoma ya sami sarari, a yi yaɓe.